Haƙarƙarin Illiya

Litinin, 4 ga Maris 1985, bayan la'asar

Da sunan Allah nake buɗe wannan littafi, ni Hamidu, ɗan fari a gidanmu, wanda ya fi kowa faɗin murya a samariyar unguwarmu, kuma, bisa shaidar masoya da maƙiya baki ɗaya, wanda ya fi kowa faɗin ciki. Na buɗe shi ne domin masu zuwa bayanmu su san cewa a yau an zalunci fasaha a birnin Agadas, da rana tsaka, a gaban shaidu.

Mushe Garba, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke koya mana wasan kwaikwayo, ya raba mana matsayi. Wasan na bikin tsakiyar Afrilu ne, kuma an ce Kumandan, sojan da ke mulkin gari, da kansa zai zauna a kujerar gaba. Ga labarin a taƙaice. Wani makiyayi mai suna Bahago, fari ya cinye masa dabbobi, ya shigo gari ɗauke da sirdin raƙuminsa na ƙarshe a ka, matarsa tana biye. Ya roƙi wani attajiri, Alhaji Rufe-Rumbu, tiya ɗaya ta hatsi. Alhaji ya rantse ba shi da ko ƙwaya. Daga ƙarshe sojoji su fasa rumbun, su ja Alhaji a ƙasa yana kuka yana neman ahuwa, jama'a su yi tafi.

Balki ce matar Bahago. A kan wannan ba ni da ƙorafi. Da ni ne Mushe, da ita zan ba wa har matsayin rana da wata.

Bahago kuwa an ba wa Illiya. Illiya! Ɗan masu lambun ƙauyen Dabaga da rijiyarsu ta ƙafe suka shigo gari bara, mutumin da in ya yi sallama a ƙofar gida sai ya maimaita kafin kaza ta waiwayo. Ni kuma aka ce ni ne Alhaji.

Na miƙe cikin natsuwa na ce, "Mushe, da wace hujja?"

"Da hujjar ido. Illiya, ɗaga rigarka."

Ya ɗaga. Wallahi ban taɓa ganin haƙarƙari mai tsari irin wannan ba, a jere, fes, kamar itatuwan da suka leƙo daga jikin hasumiyar babban masallaci. Balki ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo, maigida!"

Mushe ya ce mini, "Kai kada ka ɗaga taka, akwai mata."

Na ce, "Mushe, a ba ni kowane matsayi ban da wannan. Ko raƙumin da ya mutu, na yarda."

"Ba ni da mai cikin Alhaji sai kai. Wasa ne kawai, Hamidu."

A nan kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Can Mushe ya ce to, in har ƙarshen wata na yi kama da wanda fari ya taɓa gaisarwa, zai ɗora mini sirdin ya gwada ni. Ya faɗa ne don a tashi. Ni kuwa na riƙe.

Maigida. Haka ta ce masa, kuma ba a fara wasan ba tukuna.

Laraba, 6 ga Maris, da hantsi

Sanarwa ta ɗaya. Ganin yadda ciki ya daɗe yana mulkin wannan jiki bisa son zuciya da almubazzaranci, ni Hamidu na karɓe iko daga safiyar yau. An rushe majalisar ciye-ciye. An rufe iyakar baki har sai abin da hali ya yi. Ana kira ga hanji su kwantar da hankalinsu, su ci gaba da harkokinsu na yau da kullum.

Na je tasha na hau ma'aunin kaya, domin namu yana cikin mangazar Baba, wato ɗakin ajiyar hatsinsa, mangazar kuwa tana ɗauke da kwaɗon da ba namu ba. Allurar ta wuce ɗari ba ta ko tsaya shan ruwa ba. Wani mai lodin kamyo, babbar motar kaya, ya tambayi direbansa, "Wannan ina za a sauke shi, Dirku ko Sigidin?"

Na yafe masa. Jahili ne.

Alhamis, 7 ga Maris, bayan azahar

Da yake ni mutum ne mai girmama ilimi, na je gidan likita neman fatawa wurin Majo Sule, babban malamin asibiti. Na same shi cikin matan zangon bayan gari, waɗanda fari ya koro daga daji, yana auna damtsen jarirai da wata ƴar igiya mai launi. Na jira har inuwar bango ta gudu ta bar ni.

"Me ke damunka, ɗan Alhaji?"

"Ƙiba, Majo. Ramewa nake so."

Ya dube ni, ya dubi matan, ya sake dubana. Ya ce, "Rage murya."

Ya ja ni bayan ɗaki ya yi mini karatu. A cikin kowane abinci, in ji shi, akwai wani ƙarfi da ake kira kalori. Ido ba ya ganinsa, amma shi ke tafiyar da jini da numfashi da tunani. Abin da ya wuce buƙata, sai jiki ya ɓoye shi a rumbu. Na so a ce ya zaɓi wani misalin.

"Ka sha furarka da safe. Ka ci wake, ka ci ganye in ka samu. Rage mai, rage sukari a shayi, tuwon yamma ka ci rabi, ka yi ta yawo da ƙafa. Amma kada ka tsallake abinci ko sau ɗaya. Ƙato irinka in ya sauka ƙasa da kalori dubu biyu a yini, ba kitse kaɗai zai tafi ba, har da ƙarfi da hankali. Kamyon da zai keta hamadar Tenere kaya ake rage masa, ba a zubar masa da man gazuwal."

"To, Majo, yaushe zan ga haƙarƙarina?"

"Naka? In ka bi a hankali, baɗi war haka."

Ni kuwa zuwa ƙarshen wata aka ba ni. Na gode masa na fito da wannan hukunci: Majo yana da ilimi, amma ba shi da buri.

Asabar, 9 ga Maris, da rana tsaka

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kamar yadda ya dace da uwa ga ɗan farinta, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye sai ta kama dole. Saboda haka akuyarmu, wadda ita kaɗai ta rage mana, ita ce jakadiya tsakaninmu.

Yau na mayar da kwanona a rufe. Inna ta buɗe, ta juya wajen akuya.

"Ke kin gani? Ana neman ƙwayar hatsi da fitila a garin nan, wani kuma an zuba masa ya ture. Ko hannuna ne ya yi ɗaci? Ko kuwa shi ma hatsin gidan nan yake ƙyama?"

Na ce wa akuya, "Gaya mata al'amari ne na fasaha."

"Gaya masa fasaha ba ta taɓa riƙe ƙafar kowa ba."

Daga nan ta ƙulle kwanon Baba a ƙyalle, ta ɗora a ka, ta fita cikin ranar nan, kamar kullum. Ni ya kamata in riƙa kaiwa. Amma gwaji yana cinye mini lokaci, kuma hanyar can ba ta da inuwa.

Lahadi, 10 ga Maris, da magariba

A gwajin yau Balki ta share wa Illiya goshi da gefen mayafinta. Na duba takardar wasan gaba da baya. Babu wannan a ciki.

Litinin, 11 ga Maris, bayan la'asar

Yau Allah ya buɗe mini ƙofar hikima. Tazarar da ke tsakanina da Illiya kamar rijiya ce: ana iya cike ta daga gefe biyu. In ramewata za ta ɗauki shekara, to ƙibarsa fa? Abin da na hana bakina, in na zuba a nasa, ni in sauka shi ya hau, sai mu haɗu a tsakiya, kuma a tsakiya murya ce za ta yi hukunci. Ga shi Inna za ta riƙa ganin kwano fayau, akuya ta huta da aike.

Na kai masa dambun rana a bayan gidan samariya.

"Na wa ne?"

"Naka. Ci."

Ya tsaya yana kallona kamar na miƙa masa maciji. Ya ɗan ci loma kaɗan, ya fara ƙulle sauran a bakin rawaninsa, wai zai kai wa tsohuwarsa da ƙannensa. Ka ji ɓarna! Kalorina, waɗanda na ware domin su rufe haƙarƙari takamaimai, za su watse cikin dangi.

Na ce, "A'a. Nan za ka cinye, ina kallo."

"Hamidu, ba zan iya ba su suna can."

"To, gobe zan kawo biyu. Ɗaya nasu, ɗaya naka. Amma naka a gabana, har suɗe kwano."

Idonsa ya ciko. Ya ce, "Kai wane irin mutum ne?"

Na ce, "Ci, malam, kada ya huce."

Ke nan tuwon yamma ma ya tafi. Ya rage mini shayi ba sukari da ɗan dabinon garin Fashi. Majo ba zai ji daɗi ba, amma manyan al'amura ba su taɓa jiran yardar likita ba.

Juma'a, 15 ga Maris, bayan masallaci

Na bi ta wurin rabon jar dawar taimako. Mata sun jeru tun daga bakin ƙofa har kwanar masu takalma. Wata tsohuwa ta fito daga jerin, ta ɗora tafin hannunta a kan cikina, a hankali, kamar mai taɓa kankana a kasuwa. Ta ce wa ta bayanta, "Ga inda hatsinmu yake."

Ba wadda ta yi dariya.

Zafi ya fara da wuri bana.

Litinin, 18 ga Maris, bayan la'asar

Rahoton mako. Wuyana ya rame. Damatsana sun rame. Zoben azurfata yana yawo a yatsa. Cikin kuwa yana nan daram, kamar wanda aka naɗa wa sarauta.

Illiya ya cinye abincin mutum guda na kwana bakwai a gabana. Na sa ya ɗaga riga, wai ina duba masa ƙurji. Haƙarƙarin suna nan cif, ko ɗaya bai nutse ba. Ina abin yake tafiya? Na ga yana shiga da idona.

Laraba, 20 ga Maris, da magariba

Na gano inda yake tafiya. Murya.

Yau da ya ajiye sirdin a gaban rumbuna, ya buɗe baki ya ce, "Alhaji, ba don ni ba, don wadda ke bayana," sai tantabarun da ke kan katanga suka tashi. Mai sayar da goro a waje ya leƙo. Illiya, wanda a da Mushe yake ce wa, "Ƙara, ƙara, Kumandan ba a aljihunka zai zauna ba," yau Mushe ya cire tabarau yana goge ido. Balki ta yi kuka na gaske, har da majina, kuma ko majinar ta yi mata kyau.

Dambun Inna ne yake magana a maƙogwaron nan. Wakenmu ne. Man gyaɗarmu ne. Da hannuna na gina muryar da ta binne ni.

Da layina ya zo na ce, "Na rantse ba ni da ko..." sai kalmar ta ɓace. Ƙwaya. Kalmar da yaron goye ya sani. Balki ce ta raɗa mini.

Alhamis, 21 ga Maris, da azahar

Na yi niyyar yanke masa tallafi. Na iske shi a bayan gidan samariya ya riga ya wanke hannu, ya shimfiɗa mini buzunsa in zauna. Na miƙa masa kwanon.

Asabar, 23 ga Maris, bayan azahar

Sanyi nake ji. Kowa yana fifita, ni ina neman rana.

Bayan gwaji suka tsaya a bakin randa, Illiya da Balki. Ta ɗebo ruwa ta ba shi ya fara sha. Ban ji abin da ya ce ba, amma ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni na fi shekara uku ina ba ta dariya da kalmomin da na tsinto daga littattafai, ba ta taɓa rufe baki ba. Da ni dariyar kasuwa take yi, a buɗe, ta kowa da kowa. Wannan ta rufe ce, ta mutum ɗaya.

Da ta gan ni ta ce, "Alhaji, a taimaka mana da tiya ɗaya mana." Sai ta tuna da Baba. Ta ce, "Yi haƙuri, Hamidu, bakina ne."

Na fi son zolayar da haƙurin.

Talata, 26 ga Maris, da hantsi

Jiri. A zaune na yi salla.

Laraba, 27 ga Maris, da rana

Inna ga akuya: "Kwano yana dawowa a suɗe, mai kwano yana ƙarewa. Ni dai ban haifi aljani ba."



Juma'a, 29 ga Maris, da yamma

Mushe ya ce cikina ya fara sauka, in na ci gaba sai an cusa mini matashi. Ya faɗa da fushi. Wato Alhajin ma ina gab da rasa shi, Bahagon ban samu ba.

Wuyan Illiya. Yadda rawani yake zama masa. Yadda yake tafiya kamar iska ce take ba shi hanya. Shi bai yi wahalar komai ba, a haka fari ya ba shi kyauta.

Na san abin da na rubuta. Na bar shi.

Jibi za a gwada ni da sirdin.

Litinin, 1 ga Afrilu, bayan azahar, a kwance

Zan faɗi abin da ya faru jiya gwargwadon abin da na halarta, domin wani sashen ba na nan.

Mushe ya cika alkawari. Aka ɗora mini sirdin a ka. Ban san itace da fata suna da nauyi haka ba. A kan Illiya kamar hula yake. Balki ta tsaya a bayana. Na ji ƙarar munduwarta. Wannan kaɗai ya isa a ce na ci riba.

Na taka zuwa tsakiyar fili. Na buɗe baki domin in saki muryar da ta taɓa tsayar da jaki a kasuwar dabbobi. Abin da ya fito, ko ni ban ji shi ba. Mushe ya ce, "Ƙara!" Na ƙara. Sai katangar ta karkata, ƙasa ta taso ta same ni.

An ce har an fara tafi. An ce Mushe ya ce faɗuwar ta yi kyau amma ba a nan take ba. Illiya ne ya gane, shi ya cire mini sirdin daga wuya, shi ya goya ni har gidan likita. Ya goya ni! Da ƙarfin wa?

Majo bai yi mini faɗa da ƙarfi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ɗura mini ruwan sukari da gishiri, irin wanda yake ba jariran zango, da cokalinsu. Ya ce, "Na ce ka rage, ban ce ka daina ba. Naman damtsenka jikinka ya ci, kitsen yana nan yana jiranka. Waɗancan na waje ba su da zaɓi. Kai kana da shi, ka zaɓi ka cinye mini gado ɗaya."

Mushe ya aiko: Bahago na Illiya ne, magana ta ƙare.

Talata, 2 ga Afrilu, bayan la'asar

Balki ta zo gaishe ni da kunun tsamiya. Ta zauna a bakin ƙofa, Inna tana tsakar gida tana jin komai.

"Wallahi, Hamidu, ban san haka kake ba. Kullum ina ɗaukarka mai surutu kawai."

"Surutu kuma? Balaga ake ce masa."

"Illiya ya gaya mini komai. Duk unguwa an sani. Abincinka kake bayarwa sadaka, kana kwana da yunwa, domin Allah ya fito da Babanka."

Na ji muciyar Inna ta tsaya a tukunya.

Na buɗe baki in gyara tarihi. Ina da kalmomin, sun dawo tun da na sha kunu. Amma ga yadda take kallona, kallon da na yi wata guda ina saye da tuwona. Na rufe bakin.

Ta sunkuyar da kai tana wasa da munduwa. "Shi ya sa na ce masa, in Allah ya kai mu bayan damina, in an yi daminar, ba wanda zai zama babban abokin ango sai kai."

Na ce kunun ya yi tsami daidai.

Laraba, 3 ga Afrilu, da azahar

Kwanon Baba ya dawo a cike.

Alhamis, 4 ga Afrilu, da azahar

Ya sake dawowa a cike. Inna ta ajiye shi a gabana. Ba ta nemi akuya ba. Ta dubi bango kusa da kunnena ta ce, "Labari ya kai masa. Ya ce ba zai sa komai a baki ba sai wanda ya daina ci saboda shi ya zo ya ci a gabansa. Mutumin nan yana da ciwon ciki tun kafin a tafi da shi. Gobe ni ba zan ɗauki kwanon nan ba."

Juma'a, 5 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je gidan kaso. Ga shi na rubuta sunan wurin, alƙalami bai karye ba.

Gardin da ke gadin ƙofa ya soka cokali cikin tuwon yana bincike, ya dube ni ya ce, "Kai ne na sadaka?" Ya kai ni wata rumfa a tsakar gidan.

Baba ya fito. Rigarsa ta yi masa yawa. Abin da na yi wata guda ina nema da dabara, shi ya same shi ba tare da ya nema ba, kuma ban ji ina kishinsa ba.

Tun da aka haife ni ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba. Ban taɓa ganin yadda yake tauna ba. Ya zauna, ya buɗe kwanon, ya ce wa gardi, "A ce masa ya wanke hannu."

Na wanke. Ya jira sai da na kai loma ta fari, na haɗiye, sannan ya sa nasa hannun. Muka ci, kowa yana kallon gefensa na kwano. Ban tambaye shi abin da aka samu a mangaza ba. Bai faɗa ba.

Can ya ce wa gardi, "An ce za a ja ni a ƙasa a gaban Kumandan, ranar biki."

Na ce, "Wasa ne, Baba. Kuma zan ce wa Mushe ya nemi wani."

"Wa? Su ɗauko wani ɗan iska su cusa masa matashi, ya riƙa tafiya kamar agwagwa, a ce ni ne? Duk wanda ya je kallon nan ya san wa ake nufi. In dai sai an yi, gara na gida." Ya suɗe yatsa. "Abu ɗaya. A gaya masa in an zo jansa, kada ya yi kuka. Ni ban yi ba."

Gardi ya dube ni ya ce, "Ka ji."

Talata, 9 ga Afrilu, da hantsi

Sanarwa ta biyu. Bayan doguwar shawara da masana, an sake buɗe iyakar baki bisa sharuɗɗa. Fura da safe. Da rana kwano ɗaya da Baba, ƙarƙashin sa idon gardi. Da yamma rabin tuwo, kamar yadda Majo ya faɗa tun farko, ɗaya rabin kuma Inna ta ƙara masa wake tana aika wa gidan su Illiya da kanta, tunda an riga an ce mu masu sadaka ne, ba ta son a ƙaryata mu. Shayi ba sukari. Tafiya gidan kaso da dawowa ta wadatar a matsayin yawo.

Jiri ya tafi. Muryata ta dawo. Na gwada ta a kan akuya, ta tsinke igiya. Abin mamaki, wandona bai matse ba. Zai yiwu Majo yana da buri, nasa ne dai mai tafiyar raƙumi.

Illiya ya tambaye ni wane launin rawani ya dace da ango. Na ce masa baƙi yana ƙara wa siriri tsawo, har ya yi kama da tabarya. Ya ce madalla, baƙin zai saya.

Asabar, 13 ga Afrilu, da yamma

Gwajin ƙarshe. Na yi kukan, na yi birgimar, na roƙi ahuwa, kowa ya yi dariya, Mushe ya ce haka yake so gobe. Inna ta fito da babbar rigar Baba ta sallar bara ta rataya a ƙofar ɗakina.

Litinin, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

An yi wasan jiya da yamma. Filin ya cika har kan katanga. Kumandan a gaba, da baƙin tabarau.

Dole in yi adalci, ko da yake adalci yana yi mini ɗaci: Illiya ya yi abin da ba a taɓa yi ba a garin nan. Da ya shigo da sirdin, matan zango da ke can baya suka fara kuka tun bai yi magana ba, domin sun san sirdin, wasunsu sun ɗauki irinsa. Balki tana bayansa kamar an haife ta a can. Na tsaya a bakin rumbuna na kara ina kallonsu, na manta cewa ni mugu ne, na tuna kawai cewa ni ba shi ba ne.

Na yi rantsuwata, ƙwaya ba ta ɓace ba. Aka yi mini ihu. Wani daga kan katanga ya kira sunan Baba, cikakke, har da na kakana.

Sai sojojinmu na wasa suka shigo da bindigoginsu na itace, suka fasa rumbu, suka kama ni ta hammata. Nan ne zan zube in yi kururuwa. Mushe yana gefe yana yi mini alama da hannu, ƙasa, ƙasa.

Na ce musu a hankali, "Ku sake ni, zan tafi da ƙafata." Ba ya cikin takarda. Suka rikice suka sake ni. Na gyara rigar a kafaɗa, na gyara rawani, na bi tsakiyarsu na fita.

Filin ya yi tsit. Dariyar da aka tanada ba ta sami wurin sauka ba. Na ga tabarau ɗin Kumandan sun bi ni har ƙofa. Illiya ne ya cece mu: ya ɗaga damin hatsi sama ya saki muryar nan tasa, wato tawa, ya yi kabbara, jama'a suka ɗauka, tafi ya rufe komai.

Mushe ya ce na kusa sa a kai mu duka inda za mu riƙa cin abinci da Baba. Ya ce ba zan ƙara hawa fili ba muddin shi ne mai wasa. Har yanzu dai ba wanda ya zo ƙofarmu. An ba Illiya kyautar turmin yadi, ya miƙa wa Balki a gaban mutane, ta rufe baki da mayafi. Ina fata yadin ya koɗe a wankin fari.

Yau da rana na kai kwano. Baba bai dube ni ba. Ya buɗe, ya jira na wanke hannu, sannan ya ce wa gardi, "An ce ka je kallo."

"Na je, Alhaji."

"Ya yi kuka?"

"Bai yi ba."

Baba ya gyaɗa kai. Akwai ɗan guntun cuku guda ɗaya da Inna ta ɗora a kan tuwon, ban san inda ta samo shi ba. Ya sa yatsa ya turo shi gefena na kwano.

Na ci.